Ruwan Da Magaji Ya Hana

Akwai wata Bushira, haifaffiyar Ingila, amma mahaifinta ɗan Jega ne. A can ta yi karatu, ta zama mai rubuta fim, kuma ita ke ba da umarni. Wata shekara ta dawo gida da kyamarori, za ta yi fim a kan manoman albasa.

Wani dattijo a Sabiyal, Magaji, ya ara mata gonarsa. Albasar ta nuna, ganye ya kwanta, saura kwana uku a cire.

Ranar ƙarshe ta ɗaukar fim ɗin, sai ga injin ban-ruwa an kawo. A rubutun Bushira, manomi zai kwarara wa albasa ruwa da safe, ya cire ta da yamma. Magaji ya je ya tsaya gaban injin. Ya ce albasar da ta sha ruwa dab da cira ruɓewa take a rudu, inda ake ajiyarta, kuma ita ce abincin gidansa na shekara.

Muttaka, ɗan baffan Bushira, mai yi mata jagora, ya harzuƙa. Ya ce wadda Turawa suka ba lambar yabo ba za a koya mata aiki a fadama ba, ga shi jibi jirginta zai tashi.

Magaji ya ce, "Ɗiyata, ke kin san kyamara, ni na san albasa. Wagga ba ta shan ruwa yau."

Sai Bushira ta cire takalmi, ta zauna a kan kunya, ta ce, "Baba, koya mini."

Nan ta soke shafi biyu, ta rubuta sabo: baƙo ya zo da inji, mai gona ya hana. Ta roƙi Magaji ya fito a matsayin kansa, Muttaka ya zama baƙon. Sau ɗaya aka ɗauka, don faɗan bai huce ba.

Da aka haska fim ɗin a filin makarantar Sabiyal, wurin nan manoma suka fi tafa wa. Albasar Magaji kuwa ta kai damina lafiya lau, Alhamdulillahi. Matarsa Hindu har yau tana tsokanarsa, wai shekara arba'in yana gardama a banza, sai yanzu ta yi rana.

Darasi: Komai iliminka, akwai gonar da kai baƙo ne a cikinta. Wanda ya sunkuya ya tambaya, Allah zai ɗaga shi. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani Muttaka zai gani.