Tambarin Aro a Goshin Ampli

Akwai wani makaɗin jita mai suna Nafiou, mutumin Damagaram, da ya zauna a unguwar Awendjé ta birnin Libreville. Hannunsa na da daɗi, wannan ba zan hana shi ba. Amma tun yanzu nake faɗa muku, duk sanda na tuna abin da ya aikata sai raina ya ɓaci.

Burinsa a duniya shi ne ya mallaki ƙaramin ampli, wato akwatin da ke ƙara wa jita murya, irin na dā mai fitilun gilashi a ciki. Ƙarfinsa wat biyar ne kacal a ma'aunin lantarki. Makaɗa sun san dalili: irin wannan in ya yi ɗumi muryarsa taushi gare ta, kuma ba ya tara maka unguwa. A wancan lokacin kuwa baƙo ba ya son abin da zai jawo masa jandarma.

Kamfanin Amurka da ya yi suna da wannan akwati ya sake fito da shi sabo, kamarsa ɗaya da tsohon, kuma akwai guda a wani kanti a tsakiyar gari. Nafiou ya gama cika wa abokan kiɗansa baki cewa shi zai saye shi. Sai aka wayi gari a Janairun 1994 an karya darajar sefa, kuɗin kayan waje ya ninka. Ya koma kantin, ya leƙa ta gilashi, ya dawo jiki a sanyaye.

A bakin kasuwar unguwar akwai wani dattijo mai gyaran rediyo, Malam Hammadi, mutumin Garwa. Shi Nafiou ya kai wa kukansa.

Dattijon ya ce, "Ƙanena, ba suna ke yin murya ba, abin da ke ciki ne. Na san cikin akwatin nan kamar yunwar cikina. Ba ni wata ɗaya, zan ƙera maka irinsa."

Ya kuwa ƙera. Fitilun daga tsofaffin rediyoyi ya ciro su. Taransifomar da ke kai sauti ga lasifika da hannunsa ya naɗa ta, zare bayan zare, har idanunsa suka yi ja. Ranar da aka jona jita, masu sayar da ayaba ma sai da suka bar kayansu suka matso.

Malam Hammadi ya ce, "Abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka taɓa kunna shi ba tare da lasifika a jone ba. In ka yi haka, ka ƙona shi."

"Na ji, Baba," in ji Nafiou.

Ko sati ba a yi ba, sai ga amplin da wani ɗan faranti mai walƙiya a goshi. Nafiou ya je wajen masu sayar da tarkace ya samo tambarin kamfanin nan, ya ɗaura da ƙusa biyu. Malam Hammadi ya daɗe yana kallonsa.

"Sunan wani ka sa wa ɗana?"

Nafiou ya yi dariya. "Haba Baba, ado ne kawai. Ka san mutanen garin nan, in ba su ga sunan Bature ba, ba sa jin daɗin kiɗa."

Da wannan tambarin ya je London, ba ta Turai ba, wata unguwa ce a nan Libreville inda wata 'yar ƙasa mai suna Madam Moussavou take da gidan abinci. Ta ji kiɗansa, ta ɗauke shi aiki yana kaɗa wa masu cin abinci da yamma, ta kuma ba shi takardar aiki ya samu katin zama. Ya ce mata daga Amurka aka aiko masa da akwatin.

Shekara ta juyo, gari ya ƙara zafi. Aka ba baƙi wa'adi: wanda ba shi da katin zama ya tattara ya bar ƙasar. Malam Hammadi ba shi da shi. Mai rumfa a bakin kasuwa, wa zai rubuta masa takardar aiki?

Wata Asabar kafaɗar Nafiou ta riƙe, ya roƙi dattijon ya taya shi ɗaukar akwatin zuwa London. Suna isa suka tarar da Madam tana faɗa, na'urar sautin gidan ta sake mutuwa. Ta nuna amplin ta ce da Faransanci, "Wannan kullum lafiyarsa ƙalau. Wa yake duba maka shi? Ina neman mai gyara na dindindin, ni zan yi masa takardu."

Jama'a, ga amsa a tsaye kusa da shi, da gumi a goshi. Kalma ɗaya ce ta rage.

Amma abokan kiɗansa suna zaune suna ji. Nafiou ya dube su, ya dubi tambarin, ya ce, "Kayan Amurka ba ya buƙatar mai gyara, Madam."

Ta nuna Malam Hammadi. "Wannan fa?"

"Ɗan dako ne. Kaya ya ɗauko mini."

Faransancin dattijon ba shi da yawa, amma wannan ya ji shi sarai. Irin mutanen nan ne da gara su haɗiye wuta da su kunyata mutum a bainar jama'a. Ya ajiye akwatin a hankali, ya fita.

Washegari ya sami Nafiou a gida. "Ƙanena, ban zo faɗa ba. Ka je ka faɗa mata ku biyu, ba sai kowa ya ji ba. Saura kwana ashirin wa'adi ya cika."

"In sha Allahu gobe, Baba."

Goben nan ba ta zo ba. Nafiou har hanya ya canza don kada ya bi ta bakin kasuwa. Tir da wannan hali! Malam Hammadi ya sayar da kayan aikinsa a wulaƙance, ya bi jirgin ruwa da sauran baƙi zuwa Douala. Wanda ya kira shi Baba ko rakiya bai yi masa ba.

Bayan wata biyu aka yi wani biki a gidan abincin. Nafiou ya so ya burge, ya zare wayar lasifikar amplin don ya jona wata babba da ya aro. Kafin ya jona sai surutu ya ɗauke shi, ya kunna, ya kama jita yana ta bugu yana mamakin rashin sauti. Sai warin ƙonewa.

Madam ta ce ba komai, tunda na kamfani ne a kai shi kantin da ke sayar da irinsa. Da kanta ta sa akwatin a mota, Nafiou na biye kamar an tsoma kaza a ruwa.

Mai gyaran kantin ya kwance bayan akwatin. Ya leƙa ciki, sannan ya yi fito.

"Madam, wannan bai taɓa ganin Amurka ba. Amma wanda ya yi shi gwani ne na gaske. Taransifomar da ta ƙone naɗin hannu ce, ni ban iya ba, kuma ba mu da irinta. Ku mayar wa wanda ya ƙera shi. Ga ma rubutunsa nan, ban san wane harshe ba ne."

A jikin katakon ciki akwai layi biyu na ajami da baƙar tawada. Madam ta juyo ta dubi Nafiou.

"Karanta mini."

Ya so ya ce bai iya ba, amma bakinsa ya riga shi. Ya karanta, ya fassara: "Aikin Hammadi na Garwa, domin ƙanena Nafiou. In ya yi shiru, ka kawo mini."

"Hammadi," in ji Madam. "Ko shi ne ɗan dakon nan?"

Nafiou ya sunkuyar da kai.

"Yana ina?"

"An... ya tafi, Madam."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya ɗauki akwatinsa, kuma in katinsa ya ƙare kada ya zo mata neman takarda. Ta shiga mota ta bar shi a bakin titi.

Haka ya koma Awendjé da ampli a kafaɗa, shi ne ɗan dakon yau. Ya tsaya a bakin kasuwa, inda rumfar take. Wata mata ce a ciki tana soya ayaba.

Darasi: Kayan aro ba ya rufe katara, kuma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. In wani ya yi maka aiki da hannunsa, ka faɗi sunansa a inda faɗin zai amfane shi, don wata rana kalmarka ɗaya ita ce rufin asirinsa. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, wataƙila akwai mai wani Malam Hammadi da bai riga ya hau jirgi ba.