Maganar da Aka Kashe wa Rikoda

Muntasir mutumin Haɗeja ne, malami a wata kwalejin ilimi. Duk wanda ya zauna da shi ya san yana da kai, ya kuma san ba shi da haƙuri ko na sisin kwabo. Irin mutanen nan ne da ke ƙarasa maka zancenka tun ba ka kai tsakiya ba, su yi ta ɗaga murfin tukunya ruwa bai ko ɗau zafi ba. Japananci ya fara tsintarsa ne yana saurayi, a bakin wasu injiniyoyi da suka zo aikin noman rani a yankinsu. Harshen ya shiga ransa, ya yi ta binsa har gwamnati ta ba shi tallafin karatu, ya tafi Kuala Lumpur yin digiri na uku a fannin harshe da al'adun Japan. Ya bar matarsa Kamila da yara a gida, ya ce musu ba zai daɗe ba.

Bincikensa a kan tsofaffin Japan ne, waɗanda suka ajiye aiki suka dawo Malesiya da zama saboda ɗumi da sauƙin rayuwa. Suna da yawa a birnin, har ƙungiya gare su. Aikinsa ya zauna da su, da harshensu, ya ji yadda kaɗaici ke yi da mutum idan ya tsufa a ƙasar da ba tasa ba. A takarda abin ba wuya. Amma tsohon Japan ba ya buɗe maka cikinsa don kawai ka zo da rikoda da takardar izini. Sai su karɓi Muntasir hannu bibbiyu, su zuba masa koren shayi, su yaba Japanancinsa, sannan su yi ta ba shi labarin ruwan sama da tsadar kifi da ciwon gwiwa. Ya fito daga unguwarsu ta Sri Petaling da sassafe, ya shiga jirgin ƙasa, ya sauka ya hau bas, ya zauna ƙafa a naɗe har ta yi tsami, ya dawo da yamma da rikoda cike da zancen da ba ya shiga kundi.

Haka shekaru suka tura. Muntasir ya gaji, gajiyar da barci ba ya warware ta. Tallafin karatu ya kusa ƙarewa, kwaleji ta ce ba za ta ƙara masa hutu ba. Kamila ma ta daina tambayarsa yaushe zai dawo, kuma wannan shirun nata ya fi komai ci masa rai.

Wata rana malamar da ke duba aikinsa, Dakta Rosnani, ta tura masa takardunsa a kan tebur, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Japanancinka ba shi da makusa, Muntasir. Amma na karanta daga farko har ƙarshe ban ga mutum a ciki ba. Idan seminar da ke tafe ba ta gamsar da kwamiti ba, ba za su bar ka ka ci gaba ba."

A cikin tsofaffin nan akwai wani da ake kira Kuwahara, tsohon injiniyan jirgin ƙasa daga wani gari mai dusar ƙanƙara a arewacin Japan. Shi kaɗai yake zaune a wani gidan sama. Yana shuka kuɓewa a tukwane a barandarsa, kuma babu ɗan ƙungiyar da bai taɓa cin kuɓewar Kuwahara ba. Kowa ya san matarsa ta rasu, shi ya sa matan ƙungiyar ke tausaya masa, suna kai masa furanni duk shekara. Tsohon nan ya ɗauki Muntasir kamar ɗa. Ya sayi tukunya ta daban don dafa masa abin da ya halatta gare shi, ya ware masa lungu na salla, idan ya yi kuskure a magana ya gyara masa a hankali ba tare da ya kunyata shi ba.

Ran nan da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Muntasir ya kasa tafiya. Kuwahara ya daɗe yana kallon taga, sannan ya nuna rikodar da hannu ya ce, "Kashe wannan."

Muntasir ya kashe.

Tsohon ya ce, "Matata ba ta mutu ba. Tana nan da ranta, tana zaune wurin ƙanwarta. Ranar da na ajiye aiki na dawo gida da furannin da aka ba ni a ofis, sai ta durƙusa a gabana ta yi mini godiya, ta ce ita ma yau ta ajiye nata aikin. Kayanta a ɗaure suke. Duk zamanmu ban taɓa tambayarta abin da take so ba, ban ma san ana tambaya ba."

Ya kurɓi shayi, ya ci gaba, "Kunya ce ta kore ni daga gida. Ban ce wa kowa ta mutu ba. Ranar da na fara zuwa ƙungiya wata ta tambaye ni ina iyali, na sunkuyar da kai, sai ta yi mini ta'aziyya. Ni kuma na karɓa. Har yau ina karɓa." Ya dubi Muntasir ya ce, "Wannan naka ne. Ba na makaranta ba ne."

Muntasir ya ce ya ji, kuma har ga Allah a lokacin da gaske yake, don sai da idonsa ya kawo ruwa. To amma ɗan Adam! Tun bai sauka daga jirgi ba zuciya ta fara raya masa cewa ga mutumin da Dakta Rosnani ke nema.

Da ya isa unguwa ya tarar da abokin zamansa Nahum, ɗan Kagoro mai karatun injiniya, a shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawa Musulmi, inda suka saba cin abinci. Ya ja kujera ya ba shi labarin, bai ambaci suna ba. Nahum ya ture farantin gurasarsa gefe ya ce, "Malam, to mutumin ya ce ka saka a aikinka?"

"Ya ce kar na saka. Amma zan canza suna."

"Canza suna ya hana mutum gane kansa? Haba Malam. Kai da kanka ka gaya mini a garinku sai ka yi wata kana gaida tsoho kafin ya gaya maka inda iyakar gonarsa take. Tunda wannan ya fara buɗe baki, sauran ma za su buɗe. Ka ɗan ƙara haƙuri mana."

Muntasir ya ce, "Haƙurin da nake yi tun zuwana me ya haifar? Ƙaramar 'yata ba ta san ni ba sai a waya, Nahum. Na gaji."

Nahum ya ce, "Na san ka gaji. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Muntasir ya miƙe. Ya ce a yi masa tapau, wato a ƙunshe masa, ya ɗauki abincinsa a leda ya hau sama, ya zauna ya rubuta labarin tsohon tsaf tun bai huce a kansa ba. Ya cire suna. Amma ya bar jirgin ƙasa, ya bar dusar ƙanƙara, ya bar kuɓewa, wai don a ga mutum a ciki.

Al'adar sashensu ce, idan ɗalibi zai gabatar da semina, a gayyaci mutanen da ya yi bincike a kansu, kuma da Japananci ake gabatarwa. Muntasir ya sani. Sai dai ya ba kansa haƙuri da cewa ba kasafai suke zuwa ba, Kuwahara kuwa gwiwa ta hana shi fita nesa. Ranar semina yana tsaye yana gyara takardu sai ƙofa ta buɗe. Shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa da ake kira Hoshino, ta shigo da tsofaffi a bayanta har suka cika layin baya. Kuwahara na cikinsu, ya sha kwat, yana dogara sanda, da wani ƙunshin kyauta a hannu. Ya hango Muntasir ya ɗaga masa kai yana murmushi.

Nan fa Allah ya ba Muntasir dama ta ƙarshe. Yana iya tsallake wancan sashe, ya faɗi abin da ya saura, ya bar kwamiti su yi abin da za su yi. Ya dubi layin baya, ya dubi 'yan kwamiti a gaba da biro a hannu, ya tuna tikitin komawa gida hannu rabbana. Sai ya ce a ransa, a yi ta ta ƙare.

Ya karanta da Japananci mai kyau, ba inda harshensa ya sarƙe. 'Yan kwamiti suka gyara zama suna gyaɗa kai. Da ya zo kan kuɓewa, layin baya ya yi tsit. Da ya zo kan ta'aziyyar da ake karɓa alhali matar na da rai, babu tsohon da ya juya ya dubi Kuwahara, duk suka zuba wa ƙasa ido. Wata daga cikin masu kai masa furanni ta sa hannu ta rufe bakinta.

Da aka gama aka yi tafi, Kuwahara ma ya yi. Ya taso a hankali ya zo gaba, ya miƙa wa Muntasir ƙunshin da hannu biyu, ya rusuna ya ce, "Ka sha aiki." Ya juya ya fita shi kaɗai, ba wanda ya iya bin bayansa.

Ba a yi mako ba Dakta Rosnani ta kira Muntasir ofis. Ta ce Hoshino ta zo da kanta, cikin ladabi, ta sanar cewa duk 'yan ƙungiya sun janye izininsu. Ƙa'idar bincike kuwa ita ce, wanda ya ba ka magana yana da ikon karɓe abarsa. Ke nan duk hirarrakin da ya tara tun zuwansa, har na ruwan sama da ciwon gwiwa, babu wanda zai iya taɓawa. Kwamitin da ya gyaɗa masa kai shi ne ya dakatar da aikin.

Muntasir ya ce, "Kuwahara ne ya kawo ƙara?"

Ta ce, "Bai ce wa kowa komai ba. Ya dai daina zuwa ƙungiya, ya daina ɗaukar waya." Sannan ta ƙara da cewa, "Na ce ban ga mutum a aikinka ba. Ban ce ka yanka mutum ka saka a ciki ba. Ka san abin da ya kawo su ranar? Hoshino ta ce Kuwahara ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana gaya musu kai yaro ne mai riƙon amana, su daina ɓoye maka. Sun yarda a tsakaninsu cewa bayan semina za su fara gaya maka gaskiya."

Muntasir ya fito ya zauna a bakin matakala. Ba kuka ya yi ba, gajiya ce ta sauko masa gaba ɗaya har ya kasa ɗaga jakarsa. Babu lokacin sake sabon bincike, babu kuma tsohon Japan a birnin nan da zai sake zuba masa shayi. Ya kira Kamila ya ce yana nan tafe. Ta yi murna ta ce an gama ke nan? Ya ce a'a, ya dai taho.

Ana gobe zai bar ƙasar, sai ya tafi gidan Kuwahara. Ya ƙwanƙwasa, ya daɗe a tsaye kafin ƙofa ta buɗe kaɗan. Tsohon ya rame, ya leƙo ta tsakanin ƙofar da bango. Muntasir ya rusuna iyakar rusunawa, ya kawo ban haƙuri da Japananci mafi girmamawa da ya sani, irin wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyo. Ya ce ya ci amana, ba shi da hujja, gafara kawai yake roƙo.

Kuwahara ya saurare shi har ƙarshe, bai katse shi ba. Sannan ya amsa masa da Turanci, harshen da Muntasir bai taɓa ji a bakinsa ba, irin Turancin da ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya. Ya ce, "Yi haƙuri, yallaɓai, ba na karɓar baƙi. A sauka lafiya."

Ya mayar da ƙofar a hankali, ko ƙara ba ta yi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gajiya ba ta halatta cin amana, kuma gaggawa takan sa mutum ya fasa ƙofar da ake shirin buɗe masa. Muntasir ya iya harshen mutane, amma ya manta cewa harshe hanya ce kawai ta isa ga masu shi, kuma su ke da ikon tare hanyar. Garin neman gira ya rasa ido: digirin ya tafi, mutumin da ya ɗauke shi ɗa ya tafi, ya kuma bar tsoho cikin kaɗaicin da ya fi wanda ya same shi a ciki. Ɗalibi ko ba ɗalibi ba, idan wani ya ba ka maganarsa ya ce taka ce kai kaɗai, to ka riƙe ta ko da riƙon zai jawo maka asara. Abin da haƙuri bai ba ka ba yau yana iya ba ka gobe, amma yardar da ka zubar da hannunka ba ta kwasuwa.