Waziri Haladu da Rafin da Ya Sauya Hanya

An yi wani sarki mai son tsari, wanda da ya ƙudura gina sabon birni sai ya sa aka shata shi unguwa-unguwa: maƙera a kudu, marina a gabas bakin rafi, gidajen zama a yamma. Ya kuma kafa doka cewa duk wanda ya kai sana'a inda ba a yanka mata ba, a rushe abin da ya gina.

Bayan shekara bakwai, da ikon Allah, rafin ya sauya hanya ya koma bayan unguwar yamma, ramukan rini suka ƙafe. Tanimu, shugaban marina, ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mun ɗaure kayanmu. In ba a ba mu wuri kusa da ruwa ba, sai ƙaura."

Sarki ya dubi wazirinsa Haladu ya ce, "In na karya dokata yau, gobe kowa ya karya, in na riƙe ta, na rasa marinana. Na ba ka kwana uku ka samo mana mafita."

Hankalin Waziri ya tashi, domin da hannunsa ya rubuta dokar. Ya bi rafin da ƙafa tun daga sama har gangare, yana tambayar mata inda suke ɗiban ruwan sha, yana duba inda ruwa ke kwanciya da damina.

Ran na uku ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina neman izinin tambaya. Mece ce hikimar raba marina da gidaje?"

Sarki ya ce, "Don kada ruwan rini ya gurɓata rijiyoyin sha."

Waziri ya ce, "Ashe rijiyoyi muke tsarewa, ba gabas ba. A gangaren yamma akwai fadama ƙasa da kowace rijiya, wadda ba a iya gina gidaje a cikinta. A ba su ita bisa sharaɗi biyu: maƙwabta su yarda, kuma duk bayan damina a sake dubawa. Wanda ya zo da irin wannan hujja nan gaba, shi ma a saurare shi."

Sarki ya yi murna matuƙa. Maƙwabta suka amince, marina suka kwance kaya, kafin shekara ta zagayo fatake na tururuwa sayen shuni, ruwan sha kuwa garau.

Sarki ya yafa wa Waziri alkyabbarsa a gaban jama'a, ya ce, "Adalci shi ne mai mulki ya riƙe manufar doka da ƙarfi, ya sassauta lafazinta domin maslahar talakawa."