Ranar da Bindigar Baba Wendell Ta Ƙi Tashi

Akwai wani dattijo a wani ƙaramin gari na jihar Montana a ƙasar Amurka, sunansa Wendell Haugen. Shekarunsa saba'in da huɗu, ya daɗe da ajiye aikin layin dogo. Abu biyu aka san shi da su a garin: farauta da taurin kai.

Wendell ba ya sayen harsashin kanti, da kansa yake cika nasa a gareji. Kowane kwanso sai ya dasa masa sabuwar ƙwayar wuta a gindi, wato ɗan ƙarfen nan mai kama da maɓallin riga, wanda bindiga ke doka kafin albarushi ya kama. Da wani ɗan matsi na hannu yake dasa ta, mai kamar filaya. Shekara talatin da ɗaya suna tare.

Ana saura mako uku a buɗe farautar barewar dutse, sai mariƙin matsin ya karye.

Matarsa Arlys ta dubi guntayen ta ce, "To, ƙarfe ma ya gaji. Saura kai."

Ya ce, "Ƙarfen ne rago."

Ta yi dariya kawai, amma ta san abin da yake ɓoyewa. Shekara biyu ke nan sanyin ƙashi na cin yatsunsa. Kullum da safe sai ta sassauta murfin kwalbar zuma kafin ta ajiye a tebur, don kada ya sha kunya a gabanta.

Kuma farautar bana ba ta nishaɗi ba ce. An sallami mijin 'yarsu daga masana'antar katako, ga yara uku. Barewa ɗaya takan cika firizar gida biyu har sanyi ya wuce.

Washegari ya hau a-kori-kurarsa ya tafi shagon Twila Brandvold, wadda ta gaji shagon kayan farauta daga mahaifinta. Kamar kullum, tsofaffin gari na zaune gindin murhu suna shan kofi, har da amininsa Duane, sarkin tsokana.

Twila ta fito masa da matsi iri biyu. Ɗaya na hannu ne, irin nasa da ya karye. Ɗayan kuwa a jikin tebur ake kafe shi, yana da dogon mariƙi da ake dannawa da tafin hannu.

Ta lura da yadda ya sha fama kafin ya zaro guntayen daga aljihu. Sai ta rage murya ta ce, "Baba Wendell, da ni ce da na tebur zan ɗauka. Ba ya wahalar da yatsu."

Ashe Duane ya ji. Ya ɗaga kofinsa ya ce, "Twila, haɗa masa da sandar dogarawa, ki yi masa ragi!"

Aka bushe da dariya. Fuskar Wendell ta yi ja.

Ya ce, "Ke yarinya, ina cika harsashi tun babanki bai yi aure ba. Wa ya ce miki yatsuna na ciwo? Ba shawara na zo nema ba. Ba ni abin da na nuna, ki bar abin da ba ki sani ba."

Twila ta sa na hannun a jaka ta ce, "Ga shi, Baba. In bai yi maka ba ka dawo da shi, ko da ka buɗe kwalin."

Aikin da yakan gama kafin abincin rana, kwana uku ya ɗauke shi. Kafin ya yi goma hannun ya mutu. Ya koma matsawa da hannu biyu yana cije baki. A da yatsunsa ke gaya masa ƙwaya ta zauna, yanzu ba ya jin komai sai zogi. Ya san ya kamata ya je filin gwajin harbi ya gwada su, amma a filin nan Duane ke yini. Sai ya rufe akwati ya ce sun yi.

An buɗe farauta, ya yi ta hawa dutse yana dawowa hannu wofi. Duane, da ya riga ya samu tasa, ya ce zai raka shi. Suka fita da sassafe cikin dusar ƙanƙara. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga wata ƙosasshiyar barewa a bakin kurmi, ta ba su gefe, ba ta ji su ba.

Wendell ya durƙusa, ya saita, ya ja kunama.

Ƙyas.

Ya dakata, ya cire harsashin, ya sa wani. Barewar ta ɗaga kai.

Ƙyas.

Tsalle biyu ta yi ta shige kurmi.

Duane ya tsinci harsasan biyu daga ƙanƙara, ya shafa gindinsu da babban yatsa. Ya ce, "Mutumina, ƙwayar ba ta kai ƙasa ba."

Wendell ya zauna a kan wani kututture. Ya cire safar hannu da haƙori, ya miƙa wa Duane hannayensa. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsu biyu sun karkace.

"Ko maɓallin rigata Arlys ke sa min," in ji shi. "Me zan ce wa jikokina?"

Duane ya ce, "Bakina ne ya ja maka. Wallahi ban sani ba."

Saura kwana tara a rufe farauta Wendell ya koma shagon. Ya fi minti goma a mota kafin ya iya fitowa. Labari ya riga ya zaga gari, tsofaffin na nan gindin murhu.

Kafin ya buɗe baki Twila ta ce, "Yawwa Baba, kai nake nema. Na kafa na teburin nan a baya, ban samu gwanin da zai gwada min shi ba. Ko za ka taimaka?"

Ya bi ta. Ya dafa mariƙin da tafin hannu ya danna a hankali. A karon farko cikin shekara biyu ya ji abu ya zauna daram ba tare da zogi ba.

Twila ta ce, "Irinsa babana ya yi amfani da shi shekara shida kafin ya rasu. Shi ma ba ya so a sani."

Wendell ya gane rufin asirin da ta yi masa. Ya fito tsakiyar shago ya ce, "Jama'a, ba taimakonta na zo yi ba. Hannuna ne ya gaza. Ta gaya min gaskiya, na ci mata mutunci a gabanku. Twila, a gabansu nake roƙon ki yafe min."

Ta ce, "Ya wuce, Baba."

Duane ya share maƙogwaro ya ce, "In akwai saura, ajiye min ɗaya. Nawa yatsun ma ba lafiya gare su ba."

Wendell ya sayi na teburin, ya sake aikinsa daga farko, ya je fili ya gwada a gaban kowa. Ranar Asabar ta ƙarshe ya samu barewarsa da harbi ɗaya. Firizar gida biyu ta cika.

Ranar Litinin ya shigo shagon da ƙunshin naman gadon baya, wanda mafarauci ba ya ba kowa.

Twila ta ce, "Haba Baba, wannan ai na 'yan gida ne."

Ya ajiye mata a kan kanta ya ce, "Ai gida na kawo shi."

Darasi: Karɓar shawara daga wanda ka girma ba ya rage maka daraja, ɓoye rauninka saboda tsoron dariya shi ke jawo asara. Idan kuma wanda ya ɓata maka ya dawo kansa a sunkuye, ka rufa masa asiri kamar yadda Twila ta yi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai ɓoye ciwonsa a cikinsu.