Yadda Muzuru Ya Yi Renon 'Yan Tsakin Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A wata shekara da ɗari ya yi tsanani, har ruwan randa yana cizon haƙori, akwai wata tsohuwa a wani ƙauye bakin fadama, ana ce mata Tasalla. Ba ta da akuya, ba ta da tunkiya. Kaza ɗaya gare ta, sai wani baƙin kare mai suna Duna. Kazar ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha ɗaya, ta kwana huɗu a kansu, ran na biyar shaho ya sure ta a gindin turmi.

Tasalla ta kwashe 'yan tsakin ta zuba a akurki. Ta sa musu kaskon garwashi, ta toshe ƙofa da buhu ruf don kada iska ta shiga. Da gari ya waye ta tarar hayaƙi ya kashe biyu. Sai ta cire kaskon. Sanyi ya kama su, suka taru a lungu ɗaya, wannan kan wannan, na ƙasa ya mutu. Saura takwas. Ta zauna bakin akurki ta yi tagumi. Ta san in aka ƙara kwana uku a haka, ba abin da zai rage mata sai ƙaiƙayin da ta shimfiɗa musu.

Duk wannan Muzuru yana bisa katanga yana kallo. Da ma cin su ne ya kawo shi. Amma Muzuru ba ya cin abu sai ya auna shi da ido. Ya dubi ɗan tsako ɗan kwana bakwai, ya ga gashi ne kawai da kuka, takwas ɗin duka ba su kai loma uku ba. Ya ce a ransa, "Yau loma uku. Nan da wata biyu, kaji takwas. Sai dai a hannun tsohuwar nan ba za su kai Juma'a ba. Bari su yi nama."

Ya sauko, ya gyara gashin baki, ya yi sallama.

"Iya, sannu da rashi. Allah ya mayar da alheri."

Tasalla ta ce, "Kai ne mai yi mini gaisuwar kaji? Duna, tashi, ga baƙo."

Muzuru ya ce, "Dakata, Iya. Na tuba tun bara. Yanzu ko ƙwai na gani a hanya kaucewa nake yi. Na ga wuta tana kashe su, sanyi yana kashe su. To ni jikina akwai zafi, kuma ba ya hayaƙi. Taɓa ki ji."

Ta taɓa cikinsa. Da ɗumi kuwa, kamar tuwon da aka rufe da faifai. Ta janye hannu. Ta san Muzuru, ta san ubansa. Amma ta dubi 'yan tsaki suna rawar ɗari, idanu a lumshe, ta ga ba ta da wata dabara.

Ta ce, "Shiga. Duna zai kwanta a bakin ƙofa. Takwas ne. Ran da suka koma bakwai, shi zai tambaye ka."

Duna ya ce, "Ni kuwa ba na tambaya sau biyu."

Muzuru ya shiga akurki, ya kwanta, ciki a ƙasa, haɓa bisa ƙafafu. 'Yan tsaki suka ji ɗumi suka taho. Wannan ya shige hammata, wannan ya shige ƙarƙashin wuya, wannan ya hau gadon baya. Kukansu ya lafa. Da safe takwas. Kashegari takwas.

Wanda ya sa ransa a nama ba ya wasa da kiwo. Kafin mako ya zagayo Muzuru ya fi Tasalla sanin aikin. In ya ga sun dunƙule wuri ɗaya, ya san sanyi suke ji, sai ya kwanta. In ya ga sun watse suna buɗe baki, zafi ya yi yawa, sai ya ture buhu iska ta shiga. Har faɗa yake yi wa mai gida.

"Iya, wannan ruwan ya yi sanyi, a ɗan ɗumama. A zuba tsakuwa a sakainar ruwan, kada wani ya faɗa ya jiƙe."

"To, Malam."

"Ƙaiƙayin nan ya yi danshi, a sake. Kuma ɓarzajjiyar dawa kaɗai ba ta isa ba. Ki kifa tukunya da busasshen kashin shanu a bakin suri, gobe ki kwaso musu gara."

Tasalla ta ce, "Uwarsu ma ba ta aike ni haka ba."

Akwai wani ƙarami a cikinsu, mara ƙarfi, kullum 'yan'uwansa suna ture shi. Shi Muzuru yake sawa daidai ƙarƙashin haɓarsa, inda ɗumi ya fi. Ƙamshinsa yana shiga hanci, yawu yana taruwa. Muzuru ya haɗiye, ya dubi ƙofa, ya ga idon Duna ɗaya a buɗe. Ya ce, "Bari ya yi nama."

Suna tsattsagar masa gashin baki, ya ce bari su yi nama. Suna yi masa kashi a wutsiya, ya ce bari su yi nama. Suka fara kiransa Inna. Ya ji zafin wannan ƙwarai, amma ya amsa. Farauta kuwa babu, sai ƙanzo da guntun kunu da Tasalla take ba shi. Su suna ƙiba, shi yana ramewa.

Aka kwana hamsin. Ɗari ya wuce, gashi ya rufe su, zankon wasu har ya fara ja. Muzuru ya dube su ya ce, "Sun yi nama."

Da hantsi ya sami Tasalla. "Iya, lokaci ya yi da za su san kiwo. Zan kai su bakin fadama su ci fara. Duna ya zauna gida, warinsa yana hana su cin abinci."

Tasalla ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ku je."

Ya shige gaba, suna biye, "Inna, Inna!" Bai nufi fadama ba, ya kai su bakin raminsa, ƙarƙashin wani tsohon kututture. Ya zaɓi mai ƙiba. Ya ja da baya kaɗan, ya yi kwanton ɓauna irin na kakanninsa, ciki a ƙasa, haɓa bisa ƙafafu, zai yi tsalle.

Kaji suka ga Inna ta kwanta. Kwana hamsin abu ɗaya suka sani game da wannan kwanciya. Suka ruga gaba ɗaya. Wannan ya tusa kai a hammata, wannan ya danne wuya, uku suka hau gadon baya. Ba 'yan tsaki ba ne yanzu, kowanne da nauyinsa, shi kuwa Muzuru ƙanzo ya gama da shi.

"Ku sauka!"

Suka sauka. Ya numfasa, ya koma gefe, ya sake kwantawa zai yi tsalle. Suka sake hawa. Sau uku. A na ukun ƙaramin nan, wanda yanzu ya fi kowa girma, ya je wurinsa na kullum, ya zauna daram bisa hancin Muzuru. Rana ta take, zafi ya taru, numfashi ya gagara. Muzuru ya yi ta ihu cikin gashin kaza.

A haka Tasalla da Duna suka same shi, don tun fitarsu suke biye daga nesa. Ta kore kajin. Duna ya leƙa ramin, ya ga tsohon gashin kaji tuli guda.

Ya ce, "Gashin wa ne wannan?"

Muzuru yana haki ya ce, "Tsintowa nake yi gida-gida. Katifa nake haɗa wa 'yan tsakin baɗi. Shi na kawo su su gani."

Duna ya dubi Tasalla, yana jiran ta ce kama. Ita kuwa ta ƙirga kajinta, takwas cif. Ta ce, "Madalla da mai hangen nesa. Ba ma sai baɗi ba. Matan unguwa sun ji labarinka. Akwai 'yan tsaki talatin a gidan Kande, da na zabi ashirin a gidan Laraba, duk marayu. Yau za ka hau kansu."

Muzuru ya ji kamar an zuba masa ruwan randa. Ya dubi haƙoran Duna, ya dubi hanya.

Ya ce, "Iya, da so samu ne yanzu ma. Amma zafin jikina ya ƙare, waɗannan sun shanye. Ɗebo shi nake yi daga rana. Sai na je kan wancan dutse na kwanta na cika tukuna. In na hau su a haka, sanyi zan sa musu."

Tasalla ta ce, "Kwana nawa yake ɗauka?"

"Ya danganta da rana, Iya."

"Je ka cika."

Ya tafi yana tangaɗi, bai waiwaya ba, kaji suna kira, "Inna, Inna!" Tasalla ta sa su a gaba da kara, Duna a baya, suka koma gida.

Har yau in kun ga muzuru a miƙe bisa katanga cikin rana, ido a rufe, kada ku tashe shi. Bai gama cika ba.

Ƙurunƙus kan muzuru mai reno. Darasin kuwa, in za ku cuci mutum, kada ku fara da yi masa aikin kwana hamsin a kan ƙanzo.