Falken da Cikinsa Ya Cinye Shi

An yi wani mutum a ƙasar Baure, falken shanu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya a raye. Yakan sayo shanu a Nijar, ya loda su a mota zuwa Kudu. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe gidajen giya, har da shi a masu kabbara. Amma duk sanda ya tsallaka iyaka, akwai wani ɗaki a bayan kara, wato kasuwar shanu, da yake shiga. Ya sha, ya kuskure baki, ya tauna goro, ya dawo gida ya tsaya a sahun farko.

Abokin fataucinsa, Munzali, shi kaɗai ya sani. Ya yi masa nasiha har ya gaji, amma bai taɓa tona masa asiri ba.

Wata rana, bayan irin wannan tafiya, suka ci balangu mai kitse su biyu. Kafin la'asar ciwo ya turnuƙe falken a ƙasan ƙirji, kamar an soka masa mashi ya ɓulla ta baya. Ga amai, ga gumi. Ya kasa miƙewa, sai dai ya duƙa ya rungume gwiwoyinsa. Matarsa Adawiyya ta nemo mota aka kai shi asibiti a Daura.

Ya 'yan uwa, ku saurari ikon Allah. A bayan tumbin kowannenmu akwai wata tsoka a kwance, tsawonta bai fi tafin hannu ba, likitoci suna ce mata fankiriyas. Ita ke fitar da ruwan da ke narkar da nama da kitse. Ita kanta nama ce, to me ya hana ruwan ya narkar da ita? Allah ne Ya sa ruwan yake barci a cikinta, ba ya farkawa sai ya isa hanji. Wa ya tsara wannan? Ita ce kuma ke daidaita sukarin da ke cikin jini, kana tafe ko kana kwance, ba ka taɓa ce mata sannu ba. Subhanallahi!

Giya takan ta da ruwan nan tun yana cikin gida. Sai tsokar ta fara cin kanta.

Aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi masa allurar rage zafi, aka hutar da cikinsa daga abinci. Aka ɗauki hoton cikin, ba a ga tsakuwa a madaciya ba, wadda ita ma takan jawo ciwon. Likita ya sa Adawiyya ta fita, ya ce, "Alhaji, ni ba alƙali ba ne. Kana shan giya?"

Ya ce, "A'uzu billahi! Ni, likita?"

Likita ya ce, "To. In dai kana sha, ko kurɓi ɗaya kada ka ƙara. Ka bar taba, ka rage maiƙo. Wannan karon za ka tashi, in Allah Ya so."

Ya tashi kuwa. Allah Ya buɗe masa ƙofar tuba. Me ya yi da ita? Da dangi suka matsa da tambaya, sai ya ce Munzali ne ya ba shi sammu a nama. Magana ta bazu. Aka daina haɗa kwano da Munzali, aka daina ba shi amanar dabba, har ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Shi kuwa falke ya koma ɗakin bayan kara.

Ciwon ya dawo, ya sake dawowa, daga baya ya zauna. Tsokar ta tauri, ta daina aiki. Ya ci abinci, abincin ya wuce bai zama jiki ba, bayan gidansa sai maiƙo da wari. Ƙaton mutum ya rame har riga ta fi ƙarfinsa. Ciwon suga ya shigo. Aka ɗora shi kan ƙwayoyin da zai haɗiya da kowane abinci don su yi aikin ruwan da ya ƙafe, da allura kullum. Likita ya ce magani yana sassautawa, amma abin da ya mutu a tsokar ba ya dawowa. Mai garken shanu, ƙamshin suya ma tsoro yake ba shi.

Da ya ga alamun tafiya, ya sa aka nemo Munzali. A gaban matarsa da ƙannensa ya faɗi gaskiya, yana kuka, ya nemi gafara.

Munzali ya dube shi. Can ya ce, "Alhaji, nawa na yafe maka. Amma mahaifiyata ta rasu tana jin ana ce wa ɗanta mai sammu. Wannan ba a hannuna yake ba."

Ba a yi mako ba aka yi jana'izar falken.

Ya 'yan uwa, kada wani ya fita daga nan yana zargin marar lafiya. Salihai da yawa wannan ciwo ya kama su ba su taɓa ganin kwalba ba. Wanda ya ji irin wannan ciwon ciki ya gaggauta zuwa asibiti, ya gaya wa likita gaskiya. Amma ku sani, jiki amana ne. Za ka ɓoye wa liman, ka ɓoye wa matarka, to yaya za ka ɓoye wa tsokar da ke bayan tumbinka, balle Wanda Ya ajiye ta a can? Kuma zunubin da ka rufe da mutuncin wani ya zama biyu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ikon tuba tun muna da ƙarfi, Ya raba mu da haƙƙin mutane. Allah Ya kiyaye mu. Amin.