Matar da Ta Auna Hannunta

Akwai wata mace a wani gari, ana ce da ita Liyatu, wadda duk garin suka shaida hannunta wajen girki. In za a yi biki a ikilisiya, ko taron zumuntar mata, ko ɗaurin aure, ita ake kira ta tsaya a kan manyan tukwane. Ba ta taɓa auna gishiri da cokali ba. Takan dubi miya, ta shaƙi tururinta, ta sa yatsu uku cikin ƙwarya ta ɗebo, ta watsa. In mata suka ce, "Liyatu, nawa kika sa?" sai ta ce, "Ku tambayi hannun, ni ma ban sani ba."

Ana nan sai mahaifiyarta ta kwanta a asibiti har mako shida, Liyatu ce kuwa ta yi jinyarta. Ita mace ce mai son sanin dalilin kowane abu. Takan zauna a gefen gado tana kallon ledar ƙarin ruwa da aka rataye, tana bin ɗigon da ido yana sauka ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ta kasa haƙuri, ta tambayi nas ɗin da ke duba tsohuwar, "'Yar'uwa, don Allah mene ne a cikin ledar nan?"

Nas ɗin ta ce, "Wannan? Ruwa ne da gishiri."

Liyatu ta riƙe baki. Gishirin da take watsawa a miya kullum, shi ne ake sa wa mutum a jijiya ya farfaɗo? Tsohuwa ta warke, suka koma gida, amma tambayar ba ta bar Liyatu ba. Tana daka tana tunani, tana wanki tana tunani. A ƙarshe ta ce wa mijinta Filibus, wanda manomi ne mai ƙarancin magana, "Maigida, ina so in koyi aikin jinya."

Ya dube ta ya ce, "To, yaushe ake fara zuwa?"

Da suka je makarantar koyon aikin jinya da ke babban gari, aka ce musu ba a shiga haka nan kai tsaye. Sai ta fara yin shekara guda a ajin share fage, ta karanci lissafi da kemistiri da bayoloji. In ta ci jarrabawa, sa'an nan a duba ko za a ɗauke ta. Liyatu ta yarda. Kowace safiya Filibus yakan fito da babur, ya cire hularsa ya goge mata wurin zama, ya kai ta har ƙofar makaranta kafin ya wuce gona.

Shekarunta talatin da huɗu a lokacin, 'yan ajin kuwa 'yan mata ne da ba su daɗe da gama sakandare ba, don haka "Mama" suke ce mata. Wata biyu suka wuce, ba ta taɓa allura ba, ba ta ga majinyaci ko ɗaya ba. Alli ne da allo kawai, da lambobi, da sunayen abubuwan da ido ba ya gani. Zuciyarta ta fara sanyi.

Ran nan malamar kemistiri, wata siririyar dattijuwa mai tabarau da ake kira Malama Damaris, ta kai su ɗakin gwaje-gwaje. Ta ce kowa ta auna gishiri giram tara, ta narkar da shi cikin ruwa lita ɗaya. Ta ce, "Wannan shi ne gwargwadon da ke cikin ledar da ake rataya wa mara lafiya. Naku ba za a sa wa kowa ba, koyo ne kawai. Amma ku yi shi kamar rai ne a gabanku."

Liyatu ta ji daɗi har cikin ranta. Yau dai an zo gidanta. Sikeli ɗaya ne a ɗakin, 'yan mata sun yi dogon layi a gabansa, kowace tana ƙarawa tana ragewa kamar mai auna zinariya. Liyatu ta dube su ta girgiza kai. Ta sa yatsu ta ɗebo gishiri, ta watsa a ruwa, ta sake, ta sake, ta juya, ta ɗanɗana a bakin cokali. Kafin ta farko ta bar gaban sikeli, ita ta gama ta naɗe hannu.

Malama Damaris ta zo ta tsaya a kanta. "Giram nawa kika sa?"

"Daidai na sa, Malama."

"Na ji. Giram nawa ne daidai ɗin?"

Daga bayan layi wata yarinya mai surutu, Kezaya, ta ɗaga murya ta ce, "Mama, saura daddawa da barkono, mu kawo tuwo!" Aji ya fashe da dariya. Malama ba ta yi dariya ba, amma ta ɗauki jan biro ta zana sifili a littafin Liyatu.

Abin ya yi mata zafi ƙwarai. Ita da ta ciyar da mutum ɗari uku a yini ɗaya, yau a kan gishiri aka ba ta sifili a gaban yaran da ta girme wa nesa ba kusa ba. Kashegari, ranar Jumma'a, ta ninke farar rigar ɗakin gwaji, ta kai wa Malama Damaris.

Ta ce, "Malama, na gode, amma zan koma gida. Jinya na zo koya. Wata biyu ke nan ko mai mura ban gani ba. Abu ɗaya kuma da na iya a duniya, an ce ban iya ba."

Malama ta karɓi rigar ta ajiye a gefe. Ta ce, "Ba zan tare miki hanya ba. Amma tun jiya wani abu yake damuna, ina so in sani. An ce hannunki ba ya kuskure. Ni ban taɓa ganin irin wannan hannun ba. Ki taimake ni in gani kafin ki tafi."

Ta yayyaga takarda gida goma ta jera a kan tebur, ta ajiye kwanon gishiri. Ta ce, "Ki ɗebo da yatsunki sau goma, kowane ɗiba daidai da ɗan'uwansa, ki zuba a kan kowace takarda."

Liyatu ta yi murmushi. Ta nutsu ta ɗiba sau goma, ta dubi 'yan tsibin, ga su kamar tagwaye. Malama ta ɗora na farko a kan sikeli, giram ɗaya da rabi. Na biyu, giram biyu. Na uku bai kai ko giram ɗaya ba. Haka aka bi su har goma, ba a sami uku da suka yi daidai da juna ba, babban cikinsu kuwa ya ninka ƙaramin har da ƙari.

Liyatu ta matso ta leƙa ƙarƙashin sikelin. "Malama, abin nan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Malama ta ɗauko wani ɗan dunƙulen ƙarfe ta ɗora, ta sauke, ta sake ɗorawa, har sau uku. Lamba ɗaya ta fito duka ukun.

Fushin Liyatu ya tafi, mamaki ya maye wurinsa. Ta ce, "Bari in sake." Ta sake da ido a rufe. Ta sake da hannun hagu. Ta wanke hannu ta goge ta sake. Kowane karo lambobin suna tsalle kamar 'yan awaki. Ta ɗaga yatsunta uku tana dubansu kamar yau ta fara ganinsu.

Can ta ce, "To, Malama, in ya ɗan yi yawa fa? Ai gishiri ne, ba guba ba."

Malama ta ce, "Ke za ki ba ni amsa. In kika yanka albasa kika barbaɗa mata gishiri kika bar ta, me takan yi?"

"Sai ta tsatso ruwa, ta yi yaushi."

"Haka gishiri yake yi wa ƙwayoyin jinin mutum in ya yi yawa. In kuma ya yi kaɗan ƙwarai, sai su yi ta shan ruwa, su kumbura har su fashe. Kin san aikin gishiri fiye da duk yaran nan, Liyatu. Nawa ne kawai ba ki sani ba." Ta taɓa rigar da ke gefe. "Zan riƙe miki wannan har safiyar Litinin. In ba ki zo ba, akwai masu jira, za a ba wata gurbinki."

Da la'asar Filibus ya dawo daga gona, ta ajiye masa tuwon dawa da miyar kuka a inuwar rumbu, ta zauna kusa da shi tana kallon yadda yake kai loma. Ta ce, "Maigida, tsakaninka da Allah, shekara goma sha huɗu kana cin miyata. Kullum ɗanɗanonta ɗaya ne?"

Filibus ya tsaya da loma a hannu. Ya dubi rumbu, ya dubi kaji, bai ga mai cetonsa ba.

"Ka faɗa mana."

Ya ce, "To, tun da kin haɗa ni da Allah. Ranar da kike fushi, sai na sha ruwa kofi uku kafin in tashi. Lokacin da Inna take kwance kuma, in kin zo gida kin yi girki, kamar gishiri ya ƙare a kasuwa."

"Ba ka taɓa faɗa mini ba!"

"Don me zan faɗa? Ke ba kya gaya mini abin da ke ranki, miyar ce take gaya mini. Loma ɗaya nake yi in san ko in yi miki hira, ko in ja bakina in je in ɗebo miki ruwa." Ya sunkuyar da kai yana gyara tuwon da yatsa. "Ni mijinki ne, kowace iri kika ba ni zan shanye in gode. Amma wanda za ki tarar a kwance a gado bai san ki ba, jininsa kuma ba zai yi miki haƙurin da nake yi ba."

Liyatu ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi duka biyun. Da ta share ido ta ce, "Ta yau fa, yaya take?"

Ya ce, "Miƙo mini ruwa."

Ranar Litinin da safe ta shiga ɗakin gwaje-gwaje, ta karɓi rigarta ba tare da dogon bayani ba, ta je ta tsaya a ƙarshen layi, bayan Kezaya. Da aka zo kanta, ta ɗauki ɗan cokalin awo tana zubawa kaɗan kaɗan, ya wuce ta rage, ya gaza ta ƙara. Ta fi kowa daɗewa a gaban sikelin. Da lambar ta tsaya cak a kan tara, ta rubuta ta a littafinta, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ina da tambaya. Wa ya fara gano cewa tara ne, kuma yaya aka yi ya gano?"

Yanzu, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Hannun Liyatu shi ne zuciyarmu da abin da muka saba. Da yawa cikinmu mun daɗe a ikilisiya, mun iya waƙa, mun iya addu'a, an yabe mu har mun gaskata cewa duk abin da ranmu ya ce daidai ne, daidai ne. Amma zuciya takan bi yanayin rana. Ranar da muke fushi, muka tsawata wa yaro fiye da laifinsa, mu ce horo ne. Ranar da muka gaji, muka ga ɗan'uwa yana kauce wa hanya muka yi shiru, mu ce haƙuri ne. A wurinmu duka ɗiba ɗaya ne. Sikelin kuwa Maganar Allah ce, wadda ba ta sauyawa don mun tashi da ciwon kai. Ba mai jin daɗin ranar da aka fara ɗora shi a kanta.

Masu ƙaunarmu sun daɗe suna shanye miyarmu ba su ce kome ba, Ubangiji kuma ya fi su duka haƙuri da mu. Sai dai shirunsu ba shaida ba ne cewa awonmu daidai yake. Rana tana zuwa da za a danƙa mana wani mai rauni, ko sabon mai bi, ko maraya, ko wadda baƙin ciki ya kwantar, wanda kalma ɗaya da ta yi yawa za ta iya ƙone shi. Saboda wannan mutumin ne Allah yakan tsai da mu a ajin share fage.

Ku matasa da kuka fara karatu, na jinya ne ko na wani aiki, kuna ganin an tsare ku a kan abin da bai shafi burinku ba, kada ku ninke rigarku. Ku lura kuma, malamar ba ta ce wa Liyatu ta manta da abin da ta koya a madafa ba, da shi ma ta fahimtar da ita. Allah ba ya zubar da baiwar da ya ba mutum, koya mata awo yake yi.

Saboda haka a makon nan kowa ya zaɓi abu ɗaya da yake cewa, "Wannan kam na iya," ya ɗora shi a kan Maganar Allah, ya tsaya ya karanta lambar da ta fito. In kuma kana da ƙarfin hali, ka tambayi wanda yake ci daga hannunka kullum, ka haɗa shi da Allah, sa'an nan ka yi shiru har ya gama magana.